Da ɗan gari akan ci gari: gayyar ƙirgar namun daji a Mongoliya

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kowa ya san gayya. Mai gona ya yi kira, samari su taru da kayan aikinsu, a yi noma, a sha fura, kowa ya koma gida. To, akwai wata irin gayya da aka yi shekaru ana yi a wata ƙasa mai nisa da ake kira Mongoliya. Masu zuwa gayyar daga ƙasashen waje suke fitowa. Ba a biyan su ko dala. Su ne ma suke biyan kuɗin jirginsu da na abincinsu. Aikin da ke kai su shi ne ƙirga namun daji da bin sawunsu. Ga labarin wurin, da mutanensa, da abin da ƙirgar ta nuna.

Ina ne Mongoliya?

Mongoliya tana gabas mai nisa, tsakanin Rasha da Sin. Kamar Nijar, ba ta da teku. Ta ɗan fi Nijar faɗi, amma mutanenta wajen miliyan 3 da rabi ne kawai. Kusan rabinsu suna zaune a babban birni, Ulan Bato. In ka bar birnin, sai fili, ciyawa gajera har iyakar ganinka. Mutum yakan yi tafiyar wuni bai ga itace ba. Kudancin ƙasar hamada ce, sunanta Gobi.

Ƙasar makiyaya ce. Dabbobinsu iri 5 ne: dawaki, raƙuma, shanu, tumaki da awaki. Raƙuminsu tozo biyu gare shi, ga gashi mai yawa. Suna tashi da dabbobi daga wannan wuri zuwa wancan, kamar yadda Fulani da Buzaye suke yi. Ɗakinsu zagayayye ne, sunansa "ger". Da sanduna ake kafa shi, a rufe da bargon gashin tumaki mai kauri, ƙofa tana duban kudu. Da yake itace ba shi da yawa, da busasshen kashin dabbobi suke hura wuta. Abincinsu nama ne da nono. Suna shan shayi da madara da gishiri. Suna busar da nono ya yi tauri kamar cuku, su ajiye. Har nonon goɗiya suna tatsa su sha.

Abin da ya raba su da mu shi ne sanyi. Daga Nuwamba zuwa Maris ruwa yakan daskare ya zama kamar dutse. Ma'aunin zafi yakan sauka har 40 ƙasa da sifiri. Ɗarin da muke kuka da shi a watan Janairu, a wurinsu wasa ne.

Hanyar Ik Nart

Wurin da ake gayyar sunansa Ik Nart. Yana cikin jahar Dornogobi, wajen kilomita 300 kudu maso gabas da Ulan Bato. Daga birni jirgin ƙasa ake shiga, wanda ke bin hanyar Sin. Bayan awowi da yawa a sauka a wata ƙaramar tasha. Daga nan mota ce, kan hanyar da ba ta da kwalta, sawun taya kaɗai direba ke bi.

Nan ne filin ciyawa ya haɗu da hamadar Gobi. Cikin shimfiɗaɗɗen filin sai ga duwatsu sun taso, jere-jere, da kwazazzabai a tsakaninsu. Ruwan sama kaɗan ne, kuma a watannin zafi yake sauka. Koramu busassu ne mafi yawan shekara. Itatuwa ƴan kaɗan suna bakin koramun. Idanun ruwa ma ƙirgaggu ne, kuma su ne ran wurin: nan dabbar gida take sha, nan ta daji take sha. Mutane sun daɗe a wurin. Akwai zane-zanen dabbobi a jikin duwatsu, da kaburburan mutanen da, da kufan wuraren ibada.

A cikin duwatsun nan ne ragon dutse yake zaune. Masana suna kiran sa "argali". Dangin ragon dutsen Abzin ne da na Tarmit, amma ya fi su girma. Duk duniya babu tumakin daji da suka kai shi. Babban namiji yakan haura kilo 100. Ƙahonsa murɗaɗɗe ne, in an auna shi yakan wuce mita 1. Ban da shi akwai akuyar dutse, barewa, kerkeci, yanyawa, kyanwar daji, bushiya, shaho, da wata baƙar ungulu babba.

Gandun daji na takarda

A shekarar 1996 gwamnatin Mongoliya ta keɓe Ik Nart, ta ce gandun daji ne. Faɗinsa wajen hekta 66,000. Gandun Gadabeji da ke ƙasar Dakoro ya ɗan fi shi girma. An rubuta doka, an sa hannu, amma ba a bi ta da kuɗi da ma'aikata ba. Mafarauta suka ci gaba da harbi a ɓoye. Masu haƙar duwatsu masu daraja suka ci gaba da tone ƙasa. Irin wannan shi masana suke kira gandun daji na takarda.

Wajen shekarar 2000 masana na Mongoliya suka haɗa kai da wasu daga gidan ajiye namun daji na birnin Denba, a Amurka. Suka kafa sansani a wani kwari. Tambayoyinsu masu sauƙi ne. Raguna nawa ne a dajin? Ina suke kiwo? Me suke ci? Me ke kashe su? Wanda bai san yawan garkensa ba, ba zai san ranar da aka yi masa sata ba.

Sai dai dajin yana da faɗi, masana kuwa kaɗan ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Nan ne wata ƙungiya mai suna Earthwatch ta shigo. An kafa ta a Amurka a 1971, don ta haɗa masana da mutanen da suke son taimako. Ta yi shekaru da yawa tana aika ƴan sa kai zuwa Ik Nart, ƙungiya bayan ƙungiya, kowace ta yi kusan mako 2.

Su wane ne ƴan sa kai?

Mutane ne kamar kowa. Akwai malaman lakkol, ɗalibai, ma'aikatan ofis, da tsofaffin da suka huta da aiki, maza da mata. Yawancinsu ba su karanta ilimin dabbobi ba. Wani bai taɓa riƙe tunkiya ba tun da aka haife shi. Kuɗin da suka biya, da shi ake sayen abinci da man mota da kayan aiki.

A sansani cikin "ger" suke kwana, mutum da yawa a ɗaki guda. Ruwa da awo ake amfani da shi. Suna zaune tare da ɗaliban jami'a na Mongoliya, da direbobi, da masu dafa abinci, da masu tsaron daji. Da farko akan koya musu aiki: yadda ake riƙe madubin hangen nesa, yadda ake auna nisa, yadda ake cika takarda.

Tun da asuba ake fita. Wasu su bi layi guda a ƙafa, kilomita da yawa, ba karkata dama ko hagu. Duk dabbar da suka hango sai su rubuta: wace iri ce, guda nawa, maza nawa, mata nawa, ƴaƴa nawa, a wane wuri, da ƙarfe nawa. Wasu su durƙusa a ƙasa, su auna ɗan fili, su ƙirga irin ciyawar da ke ciki da tsawonta. Wasu su duba tarkon ɓeraye, su auna wanda ya shiga, su sake shi. Da dare kuma akwai masu bin bushiya da cocila. Aikin ba shi da wuyar ganewa, amma yana son haƙuri da gaskiya. Wanda ya ga 4 ya rubuta 10 ya ɓata aikin kowa. Ranar da ba a ga kome ba, ita ma sai an rubuta ta.

Ranar kamun rago

Aikin da ya fi kowane wuya shi ne kama ragon dutse da rai. Ana so a ɗaura masa wani abin wuya mai ƙaramin rediyo a ciki. Rediyon yana yin ƙara wadda kunne ba ya ji, sai da na'ura. Kowane rago da tasa lamba, kamar tashoshin rediyo. Mai bincike ya hau dutse, ya ɗaga eriya, ya juya ta har ya ji ƙarar ta yi ƙarfi, sai ya san ta inda ragon yake. Daga baya aka sami abin wuya mai aiki da tauraron ɗan Adam, wanda ke ajiye labarin duk inda dabba ta taka.

To, yaya za a kama dabbar da take hango mutum tun daga nesa, ta fi kare gudu a kan dutse? Nan ne ilimin littafi ya tsaya, aka nemi makiyaya. Da ɗan gari akan ci gari.

Wajen watan Satumba ake yi, lokacin da zafi ya ragu. Akan kafa raga mai tsawon ɗaruruwan mita a bakin wani kwari, a jingine ta a kan sanduna yadda za ta faɗi da an taɓa ta. Ƴan sa kai su ɓuya bayan duwatsu, ba magana, ba motsi, wani lokaci har awowi. Makiyaya kuwa su hau dawakinsu, wasu a kan babura, su zagaya can nesa. Su ne suka san inda raguna suke hutawa. Su ne suka san hanyar da garke zai bi in ya firgita, da yadda za a tare shi ba tare da ya watse ba. A hankali suke koro su, sai an kusa raga sannan su saki linzami.

Da rago ya faɗa raga, sai kowa ya fito a guje. Wani ya danne kafaɗa, wani ya riƙe ƙaho, wani ya ɗaure ƙafafu. Nan da nan a rufe masa ido da ƙyalle, domin dabbar da ba ta gani takan natsu. Likitan dabbobi ya auna zafin jikinsa. In ya hau da yawa, a zuba masa ruwa, don gudu da tsoro suna iya kashe naman daji ko ba a ji masa rauni ba. A auna nauyi da ƙaho, a ɗebi jini kaɗan, a sa lamba a kunne, a ɗaura abin wuya. Cikin mintoci kaɗan a kwance shi, ya tashi ya bi duwatsu. Wata rana kuma ragunan su kauce wa raga, a koma sansani hannu wofi.

A watannin Afrilu da Mayu tumakin suke haihuwa. Lokacin nan da hannu ake kama jarirai, tun suna kwana 1 ko 2, kafin ƙafarsu ta yi ƙarfi. Abin wuyansu mai buɗewa ne yayin da suke girma, daga baya ya faɗi da kansa.

Ungulun da ke zuwa cin rani

Baƙar ungulun Ik Nart tana cikin manyan tsuntsayen duniya. In ta buɗe fikafikai sukan kusa mita 3. Ƙwai 1 tak take yi a shekara, a kan dutse ko a kan itace. Ƴan sa kai sukan hau har sheƙa tare da masana, su auna ɗan tsako, su maƙala masa lamba a fiffike.

Bayan watanni sai labari ya zo daga Koriya ta Kudu: an ga ungulaye masu lambar Ik Nart. Tsakanin wuraren biyu ya fi kilomita 1,500. Ashe ƙananan ungulayen, in sanyi ya shigo, sukan tafi cin rani, su komo in ya wuce. Wannan ya nuna cewa tsaron sheƙa kaɗai bai isa ba. In an sa guba a mushe a wata ƙasa da ke kan hanyarsu, asarar har Ik Nart za ta kai. Makiyayi kuwa ya san amfanin ungulu: ita ke share mushe kafin cuta ta yaɗu.

Abin da ƙirga ta nuna

Abin wuyan yana da wata dabara. In dabba ta daɗe ba ta motsa ba, ƙararsa takan sake. Sai a bi, a sami gawar, a duba abin da ya kashe ta. Da aka tara labarin shekaru, sai abubuwa 3 suka fito fili.

Na farko, karnuka. Kowa ya san kerkeci yana kisa, amma an tarar karnukan gida ma suna kashe raguna, balle ƙanana. Makiyayin Mongoliya ba ya rabuwa da kare. Har ma sallamar baƙo in ya iso ƙofar ɗaki ita ce ya ce a riƙe kare. Karen da aka bari yana yawo, ba a ba shi abinci sosai, shi ke zama mafarauci.

Na biyu, ciyawa. Masana sun tattara kashin raguna da na dabbobin gida, suka duba da madubin likita. Suka ga abin da ragon dutse ke ci, kusan shi ne tumaki da awaki suke ci, musamman lokacin sanyi. Akushi ɗaya suke ci ke nan. Ga shi kuwa masu cin suna ta ƙaruwa. Kafin 1990 dabbobin ƙasar suna hannun ƙungiyoyin gwamnati, yawansu wajen miliyan 25. Da aka raba su ga jama'a, kowa ya shiga ƙara nasa. A 2019 sun kai wajen miliyan 70. Awaki ne suka fi ƙaruwa. Yadda ake son jar akuyar Maraɗi don fatarta, haka ake son akuyar Mongoliya don lallausan gashin da ke ƙarƙashin na sama, wanda ake saƙa tufafi masu tsada da shi. Wani bincike na 2018 ya nuna fiye da rabin filin kiwon ƙasar ya lalace, wani wuri kaɗan, wani wuri da yawa.

Na uku, masifar da suke kira "zud". In damina ba ta yi kyau ba, dabbobi su shiga sanyi a rame. Sannan ƙanƙara ta rufe ƴar ciyawar da ta saura, ko sanyi ya wuce misali. Sai mutuwa. A sanyin 2009 zuwa 2010 dabbobi wajen miliyan 8 suka mutu. A na 2023 zuwa 2024 fiye da miliyan 7. Gidaje da yawa sun wayi gari ba ko akuya, suka koma gefen birni. Wanda ya ga farin 1973 ko na 1984 a ƙasarmu ba sai an yi masa bayani ba. Zud ba ta tambayar wannan na gida ne ko na daji. Ragon dutsen da tumaki suka riga shi cinye ciyawa, da yunwa yake shiga sanyi.

Makiyayi ma yana da hujja

Kada a ce makiyayan ba su da hankali. Garke shi ne bankinsu. Mai dabba 500, in zud ta kashe rabi, yana da abin tashi. Mai 50 ya faɗi ke nan. Filin kiwo kuwa na kowa ne. In wani ya rage garkensa, maƙwabcinsa ne zai cinye ciyawar. Saboda haka mutum ɗaya ba ya iya gyara abin. Sai an zauna tare, an yi yarjejeniya, kowa ya san iyakarsa. A 2021 Mongoliya ta fara karɓar jangali a kan dabbobi, hukumar kowace gunduma ita ke yanke nawa za a biya. Har yanzu maganar ciyawa ba ta ƙare ba.

A Ik Nart dai ba a kori makiyaya daga dajin ba. An ɗauki masu tsaron daji daga cikin mutanen yankin. An yi amfani da labarin da abin wuya ya bayar wajen tsara dajin, a san wuraren da suka fi muhimmanci ga raguna. An yi ta jan hankalin masu karnuka. Matan makiyaya suka kafa ƙungiya, suna yin kayan hannu da gashin tumaki suna sayar wa baƙi. An kai yaran lakkol su ga dabbobin ƙasarsu da idonsu. Farautar ɓoye ta ragu. Gandun da yake na takarda ya zama abin da ake ba da misali da shi a ƙasar.

Me za mu ɗauka?

Ƴan sa kai sun yi aiki, babu musu. Sun kawo kuɗi, sun kawo ƙafafu da idanu, sun cika takardu. Amma mako 2 suke yi su tafi. Makiyayi shi ke nan rani da damina. Karensa ne, garkensa ne, kuma shi ke shayarwa a idon ruwa. Ran ragon dutse a hannunsa yake.

A nan gida ma an ga irin haka. A 1996, shekarar da aka keɓe Ik Nart, raƙuman dawa 49 kaɗai suka rage a Nijar, a yankin Kure. Cikin gonaki suke yawo, tare da mutane. Aka hana harbin su, aka riƙa ƙirga su ɗaya bayan ɗaya ta zanen jikinsu, mutanen karkara kuma suka yi haƙuri da ɓarnar wake. Bayan shekara 20 da ƴan kai sun haura 600. A 2018 aka ɗauki 8 aka kai Gadabeji, inda suka daɗe da ɓacewa.

Saboda haka, ƴan'uwa, in masu ƙirgar namun daji suka sauka a rugarku ko a ƙauyenku, ku faɗa musu gaskiyar abin da kuka sani. Ku kuma tambaye su abin da suka gano, domin dajin naku ne. A ciyar da kare, a ɗaure shi lokacin da barewa take haihuwa. Kada a sa guba a mushe. Kada a bar wuta a daji. Dattawa su gaya wa yara dabbobin da suke gani a da, waɗanda yanzu babu su, wanda ya iya rubutu ya rubuta. Ciyawar da ta ƙare wa barewa bana, ita ce za ta ƙare wa tunkiya baɗi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mana dukiyarmu ta gida da ta daji.